Rigar Tela Ba Ta Kwantai: Martani Ga Mai Cewa Zamanin Awo Ya Wuce

Kwanan baya wani marubuci ya yi kira ga mutanenmu da su yi ban kwana da tela. A ganinsa, mutum ya sayi yadi ya kai shago a auna shi a ɗinka masa al'ada ce da zamani ya bari a baya: tana cin lokaci, tana cin kuɗi, tana ɓarnar yadi, tana ƙona fetur a janareta. Ya ce babbar masana'anta mai yanka da na'ura ta fi tattalin yadi da wuta, don haka in dai kare muhalli ake nufi, ɗinkakkun kayan kanti su ne mafita. Har ya yi wa ƙananan kamfanonin Turai da suka koma ɗinka tufafi sai an yi oda ba'a, ya ce yayi ne na masu hannu da shuni da ke neman wanke kansu. Rubutun ya tsaru, kuma wasu ƙorafe-ƙorafensa gaskiya ne da duk mai kai ɗinki ya sani. Inda malamin ya kauce shi ne wajen ma'auni. Ya auna abin da riga ɗaya ke ci a kan teburin yanka ya tsaya nan, bai tambayi riguna nawa aka ɗinka ba, nawa aka saya, nawa suka hau jiki, kuma sau nawa aka saka su kafin a yar. Da zarar an yi waɗannan tambayoyi, lissafinsa zai juya masa baya.

Cinikin ɗinkakkun kaya a kan hasashe aka gina shi. Watanni kafin kaya su isa kanti a Landan ko New York, wasu ma'aikata sun zauna sun ƙiyasta launin da za a so, da girman da zai fi tafiya, da adadin da za a saya, sannan aka aika oda masana'antun Bangladesh, Biyetnam ko Sin. Masana'anta ba ta karɓar ƙaramin aiki, kuma gwargwadon yawan abin da aka ɗinka gwargwadon sauƙin kuɗin kowace riga. Ga mai kanti kuwa, kaya su ƙare alhali mai saye yana tsaye da kuɗi ya fi masa ciwo a kan kaya su yi saura, domin ribar riga ɗaya tana iya ɗaukar asarar riguna da yawa masu arha. Saboda haka yakan yi oda fiye da abin da yake tsammanin sayarwa, da gangan. Kwantai a wannan harka wani ɓangare ne na tsarin, an saka shi cikin lissafi tun kafin a kunna keke. A watan Maris na 2018 kamfanin H&M ya bayyana cewa yana riƙe da kayan da bai sayar ba na kimanin dala biliyan 4.3. A shekarar ce kuma rahoton kamfanin Burberry na Ingila ya nuna ya lalata kayan da darajarsu ta kai fam miliyan 28.6 a shekara guda, tufafi da jakunkuna da turare, don kada su shiga kasuwa da arha su zubar da kimar sunansa. Sai da jama'a suka yi caa sannan ya ce ya daina. Hukumar muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2024 cewa tsakanin kashi 4 zuwa 9 cikin 100 na tufafi da dangoginsu da ake kai wa kasuwannin Turai ana lalata su ba tare da kowa ya taɓa amfani da su ba. Abin ya kai Faransa ta kafa doka a 2020 da ta haramta lalata kayan da ba a sayar ba, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu da dokar da ke hawa kan manyan kamfanoni daga watan Yulin 2026. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa.

A shagon tela almakashi ba ya taɓa yadi sai riga ta sami mai ita. An san sunansa, an rubuta awonsa a littafi, galibi ma shi ya kawo yadin kuma ya ba da kafin alƙalami. Bambancin kamar na mai dafa abincin sayarwa ne da ke fatan masu saye su zo, da uwargidan da ta ƙirga mutanen gidanta kafin ta auna gari. Duk rigar da ta fito daga ƙarƙashin allurar tela tana da jikin da ke jiranta, kuma wannan shi kaɗai ya kawar da rukuni guda na ɓarna wanda masana'anta, duk iya tattalinta, ba ta da yadda za ta yi ta kawar da shi. Auduga ba kyauta take fitowa ba: ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ƙaramar rigar auduga guda tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa kanti, kuma noman auduga na ban ruwa ne ya janye kogunan da ke ciyar da tafkin Aral a tsakiyar Asiya har mafi yawansa ya ƙafe. Rigar da aka ɗinka ba a saka ba ta sha wannan ruwa, ta ci taki da maganin ƙwari da rini da man jirgi, duk a banza.

Marubucin zai iya cewa ai shi ma yadin da tela ke yankawa a masana'anta aka saƙa shi, bisa hasashe, kuma Kantin Kwari cike yake da bandir-bandir da ba a san ranar sayar da su ba. Haka ne, amma akwai tazara mai nisa tsakanin kwantan yadi da kwantan riga. Shaddar da ta shekara a shago ba ta yi wa kowa kaɗan ba, ba ta yi wa kowa yawa ba. Za ta iya zama kaftanin dattijo, ko jamfar saurayi, ko rigunan yara uku; in Kano ba ta so ta ba, ɗan kasuwa daga Maraɗi ko Garwa zai ɗauka. Yadi yana nan da duk damarsa har ranar da aka yanka shi. Riga kuwa daga ranar da aka ɗinka ta an rufe mata hanyoyi: ta zama ta jinsi ɗaya, girma ɗaya, yayi ɗaya, kuma in yayin ya wuce ta mutu a kan rataya. Tsarin tela yana jinkirta yanke shawara har zuwa lokacin da aka tabbatar da bukata, kuma wannan jinkiri shi ne abin da manyan kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi a kan kwamfuta suna neman kwaikwayo.

Batun ɓarnar yadi, wanda shi ne ginshiƙin rubutun nasa, shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Gaskiya ne na'ura tana jera sassan riga a kan yadi da ƙwarewar da idon mutum ba zai kamo ba, amma duk da haka masana harkar sukan ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na yadi yana zubewa a ɗakin yanka na masana'anta. Dalili shi ne sigar tufafin Turawa: lanƙwasar hannu, kwanar wuya, zagayen cinya, duk suna barin gefe-gefen da ba su da amfani. Tufafinmu ba haka aka tsara su ba. Zani ba a yanka shi sai dai a kalmashe baki. Ɗankwali da mayafi haka. Babbar riga daga manyan ƙyallaye masu kusurwa huɗu ake haɗa ta, gadon zamanin da saƙi ke fitowa daga masaƙa siriri ana jera shi ƙwarya-ƙwarya, lokacin da zare ke da tsadar da ba wanda zai yarda a zubar da ko taƙi ɗaya. Abin da ya rage a hannun tela kuma ba juji yake zuwa kai tsaye ba: babban ƙyalle a mayar wa mai shi ko a yi wa yaro riga, matsakaici ya shiga aljihu da shafi, ƙanana su tafi wajen masu cusa matashi da masu haɗa shimfiɗa. Ba a musun cewa akwai telan da ke neman yadi biyar a aikin yadi huɗu, kuma sababbin ɗinkunan mata masu yawan yanka suna cin atamfa fiye da na da. To amma ko da an ɗauka tela ya fi na'ura zubar da ƙyalle, tazarar 'yan kashi ce, kuma ba ta isa ta rufe ramin riguna cikakku da ake ɗinkawa a ƙone ba.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan an saya, wanda marubucin bai leƙa ba ko kaɗan. Kayan kanti an ɗinka su ne don wani matsakaicin mutum da ba ya wanzu, an kasa 'yan Adam gida huɗu ko biyar an ce kowa ya nemi nasa. Shi ya sa a Turai kusan ɗaya cikin kowane tufafi biyar da aka saya ta intanet ake mayar da shi, kuma rashin dacewa da jiki na kan gaba cikin dalilai. Wani ɓangare na abin da aka mayar ba ya komawa kanti, domin tantance shi da sake naɗe shi ya fi ƙarfin kuɗinsa. Wanda ba a mayar ba ma sau da yawa yana kwance a akwati saboda yana matse kafaɗa ko yana jan ƙasa. Gidauniyar Ellen MacArthur ta nuna a rahotonta na 2017 cewa tufafin da duniya ke ɗinkawa sun ninka tsakanin 2000 da 2015, yayin da yawan sakawar da ake yi wa kowace riga kafin a rabu da ita ya ragu da kashi 36 cikin 100, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabon tufafi bai kai kashi 1 ba. Rigar da aka yanka a kan awon mutum tana da dalilin daɗewa. Ta zauna masa, ya zaɓi yadinta da aikin wuyanta, ya jira ta. Mafi muhimmanci, wanda ya ɗinka ta yana nan a unguwa. In jiki ya ƙaru a buɗa, in ya ragu a rage, in zif ya mutu a canja, in ta yi wa wa kaɗan a gyara wa ƙane. Tela nagari yakan bar rara a cikin ɗinki saboda irin wannan rana, masana'anta kuwa tana aske wannan rara domin a kan riguna dubu ɗari kuɗi ne.

Ina tarkacen wancan tsari ke ƙarewa? Wani ɓangare a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, inda tsibin tufafin da aka jibge kusa da garin Alto Hospicio ya kai a hango shi daga tauraron ɗan Adam. Wani ɓangare kuma a nan kusa da mu. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar Kantamanto ta birnin Accra ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara, su toshe magudanai, su taru a bakin teku. Ɗan kasuwa yana sayen dila a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya, kuma shi ke ɗaukar asarar abin da ba ya sayuwa. Wannan ya kawo mu kan hujjar arha, wadda ita ce ta fi shiga zuciyar mai karatu a wannan hali na tsadar rayuwa. Marubucin ya ce talaka ba ya iya kuɗin yadi da na ɗinki. Talakan da ba ya iya zuwa wajen tela ba sabuwar rigar kanti yake saye ba, Ƙofar Wambai yake zuwa wajen 'yan gwanjo, kuma ba wanda ya isa ya zarge shi. Amma gwanjon nan ba shaida ba ce a kan ingancin tsarin masana'anta. Amansa ne. Arharsa ta samo asali daga ɗinka abin da ya wuce bukata a wani wuri, da biyan masu ɗinkin abin da bai taka kara ya karya ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma in aka raba kuɗin kaftanin da ya yi shekara biyar ana sakawa a kan yawan ranakun da ya yi aiki, sau da yawa shi ne mai arhar a kan rigar roba da ta saki bayan wanki kaɗan.

Akwai wata dabara a rubutun da ya kamata a warware. Marubucin ya kawo kamfanin Shein a matsayin misalin cewa masana'antar zamani ma ta koyi ɗinka abin da ake bukata kaɗai. Gaskiya ne kamfanin yana fara kowane salo da 'yan guda 100 zuwa 200, ya ga yadda kasuwa ta karɓa, sannan ya ƙara. Wannan yana rage kwantan kowane salo. Sai dai kamfanin yana zubo dubban sababbin salo a kowace rana, mafi yawa da zaren roba da ake samu daga man fetur, a farashin da aka tsara don mutum ya saya ba tare da tunani ba ya kuma yar ba tare da jin zafi ba. Saurin gano abin da ido ke so a yau daban, ɗinka wa mutum abin da ya nema daban. A tsarin farko ana ƙirƙiro sha'awa ne a biya ta kafin ta huce. A na biyu akwai jira, kuma jiran nan da marubucin ya ɗauka aibi shi ne birkin da ke hana sayen abin da ba a bukata. Wanda zai je kasuwa ya zaɓi yadi, ya je a auna shi, ya dawo bayan mako biyu, ba zai yi haka sau hamsin a shekara ba.

Alƙawarin tela dai ya zama abin barkwanci a ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Idi da tsohuwar riga saboda sabuwa tana shago ba ya bukatar a yi masa bayani. Amma a duba musabbabin. Rabin gari ne ke kai ɗinki a cikin azumi, kowa yana son nasa kafin jajibere, alhali an san ba a fafe gora ranar tafiya. Tela kuma yana karɓar abin da ya fi ƙarfinsa saboda ya san bayan Sallah zai yi watanni yana hamma. A kan wannan ga rashin wuta, wanda ke tsayar da keken surfani da dutsen guga ya kuma tilasta kunna janareta. Hayaƙin janareta illa ce ta gaske, sai dai laifin rashin lantarki ne, kuma masana'antar da marubucin ke mafarki in aka kafa ta a Sharaɗa ko Bompai da dizal za ta yi aiki. Rashin wuta na daga cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa waɗanda suka biyo bayanta, tare da fasa-ƙwaurin yadi mai arha. Tela ya tsira daga abin da ya kashe su ne saboda jarinsa kaɗan ne kuma keken ƙafa ba ya jiran NEPA.

Inda ya kamata marubucin ya kafa mana ƙahon zuƙa, da ya lura, shi ne anko. Ɗinki bisa awo yana hana kwantai a kanti amma ba ya hana kwantai a akwati. Biki ɗaya a yau yana iya zuwa da anko uku ko huɗu, na kamu daban, na dina daban, na ɗaurin aure daban, kuma leshin da aka ɗinka don hoton dare ɗaya ba shi da wani fifiko a kan rigar Shein. Haka kuma yadin da muke kai wa tela kusan duk baƙo ne: shadda mai tsada daga kamfanin Getzner na Austiriya, atamfar Vlisco daga Holan, sauran kuma mafi yawa daga Sin da Indiya, da yawansu cakuɗe da roba. Garin Kano da matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar a 1851 yana tura tufafin da ya saƙa ya rina har Timbuktu da Tarabulus, yau da ƙyar ake samun turmi ɗaya na gida a cikin shagon da ke cike. Ruwan rinin zamani da ake zubarwa a kwatami bayan an rina shadda ma ba irin baban da ake jiƙawa a marinar Ƙofar Mata ba ne. Waɗannan duk tabo ne a jikinmu. Amma ba ko ɗaya daga cikinsu da komawa kayan kanti zai warkar. Mai almubazzaranci da anko zai fi samun sauƙin almubazzaranci in riga ta koma farashin kwanon shinkafa, kuma ƙasar da ke shigo da yadi in ta koma shigo da ɗinkakku ta ƙara sallama aikin ɗinkin ne a kan na saƙar da ta riga ta rasa.

Wannan aiki kuwa ba ƙarami ba ne. Babu unguwa a Kano, Zariya, Katsina ko Damagaram da ba a jin ƙarar keke, kuma a bayan kowane shago akwai masu aikin wuya, masu guga, masu bugu, masu sayar da zare da maɓalli, da matan da ke ɗinki a cikin gida suna ɗaukar nauyin 'ya'ya ba tare da sun fita ba. Ba a ce rayuwar yaran shago aljanna ce ba. Akwai masu koyon da ake kwana da su a kan keke a ƙarshen azumi ba tare da ladan kirki ba, kuma ƙungiyoyin teloli suna da aiki a gabansu a kan wannan. Amma mai ba da ɗinki yana ganin fuskar mai yi masa, ya san halin da yake ciki. Wanda ya sayi riga a kantin Turai bai san cewa a ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza da ke wajen birnin Dhaka zai rufta a kan masu ɗinka ta ba, ya kashe mutum 1,134, bayan an ga tsagewa a bango tun kwana guda kafin nan aka kuma umarci ma'aikata su koma bakin aiki. Nisan da ke tsakanin mai saka riga da mai ɗinka ta shi ne ke ba da damar irin wannan.

Masana'anta tana da gurbinta, kuma ba mai hankalin da zai ce a kai wa tela safa, singileti ko tawul. Kayan makaranta, na asibiti da na jami'an tsaro ma sun fi dacewa da babban ɗakin ɗinki, kuma abin lura shi ne su ma bisa oda ake yin su, an san adadi kafin a yanka. Abin da ba za a karɓa ba shi ne a ce mu rushe tsarin da muke da shi a hannu mu rungumi wanda masu shi ke kafa dokoki don rage ɓarnarsa. Gwamnatocin jihohin Arewa da ke neman inda za su zuba kuɗin tallafin sana'a su fara da wutar sola a rukunan shagunan teloli, da horo a kan yanka da riƙe littafin aiki, da rancen keke mai sauƙin biya. Ƙungiyoyin teloli su sa doka a kan karɓar aikin da ba za a iya gamawa ba. Iyayen biki su tsaya a anko ɗaya. Shi kuma marubucin, muna roƙonsa ya sake lissafinsa, wannan karon ya ƙirga har da rigunan da aka ɗinka ba wanda ya saka.